Lafiya Lau, Yallaɓai

Litinin, da hantsi

Yau ma ƙarar buroshi ce ta tashe ni daga ɗan barcin da nake komawa. Mijina Saje yana zaune a bakin ƙofa a kan kujerarsa ta roba, ya miƙe ƙafar hagu saboda ba ta yarda ta lanƙwashe da safe, yana goge takalman da rabonsa da zuwa aiki da su tun Autarmu tana firamare. Ya shafa mai, ya tofa yawu, ya murza, ya ɗaga su sama yana neman fuskarsa a jiki. Na ce masa bariki ta daɗe da sallamarka, kai ne ka ƙi sallamarta.

Ya ce, "Kwamanda, takalmi bai san ritaya ba."

Haka yake kirana tun ina amarya. Wai a bariki masu ba shi umarni suna da yawa, amma ni kaɗai ce ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncina.

Littafin nan na awon masu kawo mini ɗinki ne. Na juyo shi ta baya ina rubutu don ba ni da wanda zan faɗa wa. Sun ƙi mu. Kwamitin likitocin soja ya ce ciwon gwiwar mijina bai kai a sa shi cikin waɗanda aiki ya naƙasa ba. In ba a sa shi ba, asibitin soja ba zai yi masa aikin sauya gwiwa ba, mu kuwa aikin ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Likitan ƙashi ya nuna mana hoto, ya ce guringuntsi ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi, kuma in aka bar shi haka, kafin baɗi sai dai a riƙa ɗaukarsa. Dama ɗaya aka ba mu ta ɗaukaka ƙara. Nan da kwana goma za mu koma gabansu.

Abin da na kasa ganewa shi ne yadda mai ido zai kalli mutumin nan ya ce lafiyarsa ƙalau.

Talata, bayan azahar

Na gane.

Kofur ya zo. Abokin Saje ne tun suna kurata, kunnensa ɗaya ya mutu a bakin daga, shi ya sa in yana yi maka raɗa har maƙwabta ke amsawa. Shi ya raka Saje gaban kwamiti wancan karon, don ranar ina da ɗinkin da na yi alkawari. Saje ya shiga ban-ɗaki, na kawo shayi, sai Kofur ya ɓalle da labari yana dariya.

"Uwargida, ai da kin ga mutuminki ran nan, da kin sake aurensa. Tun a mota ya haɗiye maganinsa na kashe zafi ninki biyu. Muna isa ƙofa ya miƙo mini sanda, ya ce riƙe, kada ka kunyata ni. Ya haye benen nan kamar ɗan shekara ashirin. Yana shiga ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara wa Kanar. Kanar ya ce, Saje, yaya jikin? Ya ce, lafiya lau, yallaɓai. Aka ce tsuguna, ya tsuguna. Aka ce miƙe, ya miƙe. Wallahi har likitocin sai da suka yi murmushi."

Na ce, "Daga nan fa?"

"Daga nan ai sai bayan gini. Can ya zube, ya yi ta amai, ni da mai tasi muka cicciɓe shi. Amma ba wanda ya gani, Uwargida. Ko mutum ɗaya."

Yana faɗa yana dukan cinya, shi a ganinsa labarin nasara yake ba ni. Na tsaya da butar shayi a hannu har ta fara ƙona ni. Na tuna ranar Saje ya dawo ya kwanta bai ko ci abinci ba, ya ce mini zazzaɓi ne.

Talata, da magariba

Na tare shi. Na ce wata da watanni muna bin layi, ana ɗaukar hoto, ana zuƙar jininka, duk don ka je ka gaya musu lafiyarka lau?

Ya ce, "Kanar ne fa ya tambaye ni."

Na ce, "Likita ne."

"Likita mai anini a kafaɗa. Ke ba za ki gane ba. Tun ranar da aka aske mana kai aka koya mana, in na gaba da kai ya tambaye ka jiki, amsa ɗaya ce. Wanda ya yi ɗingishi a fareti sunansa rago har ya mutu. Yanzu da furfurata kike so in koyi wani yare?"

Na ce ai ragon yana tafiya da ƙafarsa. Ya ja sandarsa ya shige ɗaki. Na yi nadamar maganar tun kafin ta gama fita, amma ban janye ta ba.

Alhamis, da rana

Na je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ni kaɗai. Ɗaki ɗaya ne a bayan gidan waya, da fanka mai kuka da dogon benci cike da tsofaffi, kowa ya sa sandarsa a tsakanin ƙafafu, kowa takalminsa yana sheƙi. Na kalli takalman nan a jere, na ji kamar in yi ihu.

Akwai wata malama mai gilashi da ke shirya wa mutane ƙararsu. Ban ma gama ba ta labari ba ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Mama, ba mijinki kaɗai ba ne. Rabin mutanen da ke kan bencin can da bakinsu suka kayar da kansu. Hoto yana nuna ƙashi, amma kwamiti sai ya ga abin da mutum ya kasa yi. Su kuma ba sa zuwa gidanku da sassafe su ga yadda yake tashi. Abin da ya shigo ta ƙofarsu shi suke aunawa."

Na ce to yaya zan yi da shi?

"Ni ba likita ba ce, ba zan ce miki ya sha wannan ko ya bar wancan ba. Ina dai cewa ya zo musu yadda yake a gida." Ta cire gilashin ta kalle ni, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce in tuna, daga wannan zaman babu wani.

Asabar, da la'asar

Auta ta zo daga gidanta, muka ce za mu gwada shi. Ta zauna a bayan teburin yankan yadina, ta ɗora murfin tukunya a ka, wai ita ce Kanar. Ta kumbura murya ta ce, "Saje, yaya jikin?"

Ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai."

"Baba, ba haka muka yi da kai ba. Sake. Saje, yaya jikin?"

Ya gyara zama, ya ce, "Da sauƙi, yallaɓai."

Muka yi dariya har da shi. Auta ta ce ko sojan da aka yanke wa kai ne zai ce da sauƙi. Ta ce ya ce kawai, ba na iya tsugunawa. Kalma huɗu, ko ɗan yaye zai iya. Ya buɗe baki, na ga leɓensa yana motsi, maganar ta ƙi fita. Ya kalli murfin tukunyar da ke kanta, ya ce ta cire, ba a wasa da muƙami. Daga nan dariya ta ƙare. Auta ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada mu ji ta, amma mun ji.

Lahadi

Ya daina zuwa masallaci, wai liman ya cika sauri. A ɗaki yake yi, a kan kujera, bayan ya rufe ƙofa.

Talata, da safe

Akwai abin da ko Auta ba ta sani ba. Kullum da safe in ya shiga ban-ɗaki, ina tsayawa a bakin ƙofa ina jiran ya yi gyaran murya. In ya yi, sai in shiga, in sa hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa ta baya, shi kuma ya dafa bango. Sai ya ce, "Runduna za ta miƙe," mu miƙe tare. Ina jin ƙarar gwiwar a cikin ƙirjina, kamar ana taka tsakuwa. In mun fito ba ya kallona sai an sha shayi.

Wannan mutumin fa shi ne duk lokacin da aka yi mana canjin bariki yake rungumar keken ɗinkina shi kaɗai ya ɗora a babbar mota, in wani ya kawo hannu ya ce a bari, kayan Kwamanda ne. Ya ɗauki kaya a bayansa ya keta daji da su, ya yi ta dirowa daga mota da bindiga a hannu, ya buga ƙafa a kan kwalta har kwaltar ta gaji. Su masu ba shi umarnin suka cinye gwiwar nan da kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ce musu lafiya lau.

Ina jin haushinsa. Ina kuma son sa har ina jin tsoro. Duka biyun a wuri ɗaya suke zaune.

Laraba, da hantsi

Gobe ne. Ya sa na fito masa da kwat ɗin ƙungiya da hularsa, ya zauna ya goge su da kansa, ya jera lambobin yabo a ƙirji. Maɓalli ɗaya yana reto, na ce ya bari zan ɗinke da safe.

Ya ce, "Kada ki damu, Kwamanda. Gobe zan faɗa musu gaskiya."

Yana faɗar haka yana ajiye kwalbar maganinsa kusa da hula, ya gyara mata zama don kada ya manta da ita. Na san maganin nan. In ya sha biyu, zai iya hawa bene ya yi musu fareti, ya dawo gida ya mutu a hannuna.

Laraba, da yamma

Kwalbar ba ta kan tebur yanzu. Aljihun keken ɗinkina na dama, inda nake ajiye allura da zare, ba ya rufuwa sosai. Allah kana gani.

Alhamis, da sassafe

Ya tambaye ni ko na ga maganinsa. Na ce ban gani ba. Ya ce ko Auta ta kawar? Na ce wataƙila. Na ɗauki bokiti na shige wanka don kada ya ga fuskata, na daɗe a ciki. Da na fito ya riga ya shirya, yana zaune a bakin gado, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Na tuna da maɓalli, na duba na ga an ɗinke. Bai sake tambayar maganin ba.

Mai tasi yana ƙofa.

Alhamis, da yamma

Mun dawo.

Juma'a, da hantsi

Babu ƙarar buroshi.

Asabar

Babu. Takalman suna bayan ƙofa inda na cire masa su, na hagu ya kife, akwai ƙujewa a hancinsa. Na wuce su sau da yawa ban iya taɓawa ba.

Lahadi, bayan azahar

Kofur ya zo. Saje ya ce in ce masa yana barci. Kofur ya tsaya a tsakar gida yana raɗarsa da kowa ke ji, yana cewa, "Uwargida, me suka yi masa? Ki gaya mini wanda ya taɓa shi." Na ce ba wanda ya taɓa shi sai don ya taimake shi. Ya kalle ni bai gane ba. Ya bar masa lemo a leda ya tafi.

Da safe yanzu in na ɗaga shi ba ya cewa runduna za ta miƙe. Yana dai miƙo hannu.

Litinin, da rana

Bari in rubuta, ko na samu in haɗiyi abinci.

A ƙofar ginin ya miƙo mini sandarsa, kamar yadda ya yi wa Kofur. Na ce don Allah ka riƙe. Ya ce karɓi. Na karɓa. Benen nan ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a kansa ba. Yana jan ƙarfen gefe da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe har ta manne, matasan sojoji suna wuce mu suna sunkuyar da kai. Ni ina bayansa da sanda a hannu kamar mai kora shi.

Sun bar ni na shiga. Dogon tebur ne, likitoci a jere, Kanar a tsakiya. Wani sabo ne, yaro, da ƙyar in ya girmi Auta. Saje ya saki ƙofa, ya gyara hula, ya yi taku zuwa tsakiyar ɗaki. Na ga ya ɗaga ƙafar hagu zai buga. Na ce a raina kada ka yi, kada ka yi. Ya buga.

Ba zan rubuta ƙarar da na ji ba.

Hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur. Lamba ɗaya ta ɓalle. Yana ƙasa yana ƙoƙarin kai hannu goshi don ya ƙarasa sarawar. Sojoji biyu suka ɗaga shi suka ɗora a kujera. Kanar da kansa ya zagayo, ya durƙusa ya ɗauko hular, ya kaɗe ta, ya ɗora masa a cinya. Ya ce, "Sannu, Baba. Zauna abinka, Baba, ba sai ka tashi ba."

Baba. Yaron kirki ne, da tausayi ya faɗa. Amma na ga fuskar mijina a lokacin. Mutumin da ya shigo ɗakin Saje ne, ga shi an mayar da shi tsohon da ya faɗi.

Wata likita ta tambaye shi a hankali abin da ba ya iya yi. Ya kalli hular da ke cinyarsa, ya fara magana da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce ba ya iya sujada. Ya ce ba ya iya sa wando a tsaye. Ya ce, "In na tsuguna a ban-ɗaki, yallaɓai, sai matata ta shigo ta ɗaga ni. Ga ta nan, ku tambaye ta." Duk suka juyo suka kalle ni.

Kwana da kwanaki ina roƙonsa ya faɗi wannan magana. Da ya fara faɗa, ji na yi kamar in toshe masa baki da gyalena.

A kujera suka sauko da shi, sojoji huɗu, ta gaban duk masu jira.

Laraba

Na mayar da kwalbar kan tebur tun ranar da muka dawo. Yana sha. Bai tambayi inda aka same ta ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba ya kirana Kwamanda. Ba ya kirana komai. In yana son ruwa sai ya ce, "Akwai ruwa?" kamar yana tambayar bango.

Alhamis, da safe

Na ɗauki buroshi na zauna a kujerarsa, na ce bari in gwada. Ban iya ba, man ya yi yawa, ƙujewar ta ƙi ɓoyuwa. Shekara da shekaru ina mitar warin man nan, ina cewa yana shiga mini yadi. Yau na sa hancina a cikin gwangwanin na yi kuka.

Ya ji ƙarar daga ɗaki. Ya ce, "Bar shi."

Litinin, bayan la'asar

Malama mai gilashi ta bugo waya. An karɓi ƙarar. An sa shi cikin waɗanda aiki ya naƙasa, asibiti za su kira mu su sa ranar aiki, gwiwar hagu tukuna sannan ta dama. Tana ta murna, tana cewa, "Mama, ban san yadda kika yi da shi ba, amma kin yi ƙoƙari." Na yi mata godiya. Na kira Auta, ta yi ta kuka tana dariya.

Na shiga ɗaki na gaya masa. Yana kwance yana kallon rufi. Ya ce alhamdu lillahi. Na tsaya. Na ce akwai maganar da nake so in faɗa maka game da ranar nan.

Ya ce, "Wa kike tsammani ya ɗinke maɓallin?"

Na zauna a bakin gado.

"Kina wanka na buɗe aljihun keke ina neman allura. Na gan ta. Har na ɗauka, na buɗe murfin." Bai ɗauke ido daga rufi ba. "Sai na ce, tunda aka kawo matar nan gidana ba ta taɓa ɓoye mini ko ƙwayar ashana ba. In ta yi yau, to umarni ne. Na mayar na rufe."

Na ce, "To me ya sa ka ba ni sandar? Me ya sa ka buga ƙafar, alhali ka san ba za ta ɗauke ka ba?"

"Na sani mana. Bakina ba zai iya faɗa musu ba ina tsaye. Na ce bari ita ƙafar ta fara."

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce babu abin yafewa, na yi daidai, kuma da shi ne a matsayina haka zai yi. Ya faɗa ba tare da ya kalle ni ba. Na ce za a gyara gwiwar, zai koma masallaci, zai taka har gidan Kofur ya tsokane shi. Ya ce in sha Allahu.

Na ce, "Saje."

Ya ce, "A'a. Wancan a can saman bene muka baro shi."

Talata, da hantsi

Da kansa ya ce in sa takalman a leda, har da buroshi da gwangwanin mai, in kai wa Kofur, wai ƙafarsu ɗaya. Na ce to. Na fita da ledar, na kai bakin titi, na tsaya, na juyo. Suna ƙarƙashin teburin yankan yadina yanzu, na rufe su da ƙyallaye.

Ya tambaye ni ko na kai. Na ce na kai. Ya daɗe yana kallona, karo na farko tun ranar Alhamis ɗin nan, sannan ya kalli wajen teburin, ya juya fuskarsa bango.

Ya sani. Bai ce in fito da su ba, bai kuma ce in mayar wa Kofur ba. Gobe da safe zan kwanta shiru in saurara.